Notin da Aka Kwance a Kagara

Ranar da Murja ta fara ganinsa, taraktarsa ce ta ba ta dariya. 'Yar ƙarama ce ja, ta kafe a fadamar Kagara, tayoyin baya sai juyawa suke a wuri ɗaya suna watsa masa laka har wuya. Ita kuwa daga gonar albasar mahaifinta, Alhaji Shittu, ta fito.

"Sannu da aiki, malam. Noma kaka yi ko ginar rijiya?"

Ya kashe injin, ya share fuska da gefen hannu. Dogo ne baƙi, mai wushirya.

"Ke mi kinka sani ga tarakta?"

"Na san taka ba ta da nauyi, shi ya sa tayar ba ta kama ƙasa. Ka ɗura ruwa cikin tayoyin baya, ka aza buhun yashi biyu. Amma kar ka bar gaban sakayau. Ranar da garma ta kama saiwa, gaban zai tashi sama, ta kihe da kai."

Shekara biyu ta yi tana karatun aikin gona a Sakkwato, amma ba ta gaya masa ba sai daga baya. Shi kuwa Zaharadeen ne, ɗan Wurno, marayan uba, wanda ya yi shekara bakwai yana tuƙa taraktocin mutane kafin ya sayi wannan tsohuwar, ta hannu.

Kwana huɗu bayan nan saƙonsa ya shigo wayarta:

"Malamata, na bi umarni. Mai walda na Achida ya yi min ƙarahuna huɗu, an ɗaure su gaba da noti. Yau ta yi kadada guda ba ta sulɓe ba. Ni ne dai har yanzu ƙahwata ba ta kama ƙasa tun randa na gan ki."

Ta karanta sau uku, ta rufe fuska da gyale, sannan ta mayar:

"To ɗalibi, kai ma a ɗura maka ruwa."

Haka aka fara. Kowace Juma'a da la'asar yakan zo Goronyo, garin su Murja, da rake da dabino, su zauna a zauren Gwaggo Habi, yayar mahaifinta, wadda ta rene ta tun rasuwar uwarta. Yana ce mata Malamata, tana ce masa Deenina. Kafin albasa ta shiga rumbu kowa a unguwar ya san da maganar.

Alhaji Shittu bai ce a'a ba da manyan Zaharadeen suka zo. Murmushi ya yi.

"Yaro na son ɗiyata? Madalla. Ina da hwadama can bakin gulbi, laka ce tsantsa, manyan taraktoci ma gudunta sukai. Shi nome min ita da 'yar akuyar taraktar tashi, in ga ko namiji ne."

Murja ta san fadamar, ta kuma san abin da ke ran mahaifinta. Nasrullahi yake so, ɗan abokin cinikinsa na Rabah, mai manyan taraktoci biyu, wanda ta kora sau uku.

"Deenina, kar ka yarda," ta ce. "Aikin banza zai sa ka, kuma ba ba ka ni zai yi ba."

"Ko dutse ya ce in nome, sai na nome shi, Malamata."

Kwana tara yana fama. Ya ƙara buhun yashi, ya rage zurfin garma, yana cin lakar kaɗan-kaɗan. Alhaji kan zo da Nasrullahi su zauna a inuwar mangwaro suna shan fura, ko ruwa ba su taɓa miƙa masa ba. Gwaggo Habi ce ke kai masa abinci a ɓoye.

A rana ta goma saura kunya kaɗan. Ya je ya yi azahar a bakin ruwa, ya dawo ya hau. Yana hawan gangaren ƙarshe ƙarafan gaba suka zube ƙasa gaba ɗaya, garma ta cije, gaban taraktar ya miƙe tsaye, ta juyo ta baya ta danne shi.

Murja na tankaɗe aka zo da labarin. Ko takalmi ba ta sa ba. Ta tarar manoma sun ciro shi, ƙafarsa ta hagu ta dagargaje daga gwiwa zuwa ƙasa. Mahaifinta na tsaye yana duban gonar.

"Yanzu wa zai ƙarasa min wannan?" Abin da ya ce ke nan. "Ga mai ya zube min cikin hwadama."

A asibiti a Sakkwato aka yanke ƙafar.

Alhaji ya karɓe wayarta na mako uku, ya hana ta fita. Nasrullahi ya ƙarasa kunyoyin da yammaci ɗaya, ya kuma ɗauki mota takanas ya je dubiya, ya gaya wa mara lafiyan cewa an kai kayan aurensa, shi Nasrullahi, gidan Alhaji, Murja ta karɓa da hannu biyu. Ranar da aka mayar mata da wayar, saƙo ɗaya ta tarar:

"Na ji labari, Allah shi sanya alheri. Kin yi daidai, mi za ki yi da gurgu? Amma ki tuna ke kinka ce in sa ƙarhen. Kar ki sake kirana."

Ta kira sau ashirin, bai ɗauka ba. Ta daina cin abinci. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ƙarshen saƙon, domin ita ma tun ranar take tambayar kanta ko shawararta ce ta cinye masa ƙafa.

Gwaggo Habi ta ga yarinyar na ƙarewa. Wata safiya ta ja ta ɗaki, ta kwance bakin zanenta, ta zube mata noti uku a tafin hannu.

"Ɗiyata, ba ke ba ce. Randa abin ya hwaru na kai mai tuwo, shina salla. Na hangi Nasrullahi tsugune gaban taraktar da sufana. Na ɗauka gyara shikai. Bayan an tai da yaron na tsinci waɗanga cikin ciyawa, inda ya yar da su."

"Gwaggo, kin gaya ma Baba?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai.

"Ubanki na zaune gindin mangwaro sadda anka kwance su. Ya gani. Ya ce wai shi ya ɗauka tsoro kawai za a ba yaron, in na buɗe baki ba ni ba shi."

Murja ba ta yi kuka ba. Ta ƙulle notin a gefen gyalenta, ta sami mahaifinta a turakarsa yana jin rediyo. Ta durƙusa kamar kullum, ta ajiye su a gabansa kan tabarma.

"Baba, ban taɓa ƙetare maganarka ba. Yau ina roƙon abu guda. Ko ka ba Baba Isma'ila ƙanenka izini shi ɗaura min aure da Zaharadeen, ko gobe ni da Gwaggo mu kai waɗanga gaban hukuma, in hwaɗi wanda ya kwance da wanda ya zauna kallo."

Ya kwaɗa mata mari har ɗankunnenta ya fita.

"Ni za ki tona wa asiri, don gurgu?"

"Ku kunka gurgunta shi, Baba."

Ya daɗe yana huci. Sannan ya juya mata baya.

"Ki tai. Ko tsinke ba ki hita da shi gidan ga. Kuma ranar mutuwata kar ki zo."

Washegari ita da Gwaggo suka shiga motar Wurno. Sun tarar da Zaharadeen a tsakar gida kan tabarma, ya rame, sanduna biyu jingine da bango. Ya kau da kai. Gwaggo ta faɗi komai, tun daga sufana har marin da shatinsa ke kuncin Murja.

Zaharadeen ya dubi kuncin.

"Na zalunce ki, Malamata. Amma dube ni. Ba ƙahwa, ba tarakta, mi zan ba ki?"

"Ban zo amsar komi ba, Deenina. Zuwa na yi in zauna."

"Shi kuma Nasrullahi? Haka zai tai a banza?"

"In munka kai shi, ubana zai ja tare da shi. Zaɓi naka ne, kai ka rasa ƙahwa. Abin da ka ce shi za a yi."

Zaharadeen ya shafa dungun ƙafarsa. Ya ce ya bar su da Allah, amma ba zai taɓa cewa ya yafe ba. Nasrullahi na nan Rabah har yau, ya ƙara tarakta ta uku.

An ɗaura auren bayan Juma'a a Wurno. Mutanen ba su cika sahu biyu ba. Alhaji Shittu ya tafi kasuwar albasa ranar, ya kuma hana kowa a gidansa zuwa. Amarya ta shiga ɗakinta da akwati ɗaya da tukwanen Gwaggo.

Inna Adawiyya, mahaifiyar ango, ta kama hannuwansu ta haɗa cikin nata, tana hawaye.

"Allah shi yi muku albarka. Allah shi ba ku ɗiya masu jin ƙai. Ke kuma ɗiyata, in an ruhe miki ƙohwa guda, nan ba baƙuwa kike ba. Ga ɗakina, ga ni."

Sai a lokacin Murja ta fashe da kuka. Zaharadeen ya saki sanda ɗaya ta faɗi, ya dafa kafaɗarta, ita kuma ta gyara tsayuwa don kada ya faɗi.