Littafin da Maigida Albano Ya Bari

Sufeto Quintela yana tsakiyar cin gasasshen kifi aka kira shi, wai an yi sata a wani shagon tsofaffin littattafai da ke tudun birnin Porto. Ya ture faranti yana tsaki. Mutumin da ya saba da gawa, yau takarda zai nema.

Mai shagon, Custódio, yana bakin ƙofa, tumbinsa har rawa yake yi.

"Sufeto, an kashe ni! Littafin tarihin Fotugal da Sifaniya ne, wanda wani mutumin Ingila ya juya zuwa harshensu shekara ɗari uku da suka wuce. Gobe jami'a za ta baje kolinsa, da sunana a jiki!"

"Ina ka samo shi?"

"Gado ne. Marigayi Albano, maigidan da ya koya mana sana'a, shi ya bar mini."

"Kai da wa ya koya wa?"

"Ni da Belmiro, mai ɗinkin littattafai a gangaren layi. Amma cire shi daga ciki, tamkar ɗan'uwana ne."

"Wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai."

Ba a ɓalle ƙofa ba. A kan kanta kuma babu giɓi: inda littafin yake, an cusa wani mai kaurinsa daidai. Da Sufeto ya tambayi dalili, Custódio ya kawar da kai ya ce haka ake yi, don kada na gefe su jingina su lanƙwashe.

Ɓarawo mai tausayin littafi ke nan. Sufeto ya tsallaka wurin Dona Zulmira mai sayar da kofi, wadda ba ta iya ganin zance ta ƙyale.

"Makulli ɗaya? Kai, tsohon nan da ƙarya yake! Biyu Albano ya yanka, kowa da nasa. Shekara biyu Belmiro yana ɗinke littafin nan ganye-ganye, sai jarida ta buga hoton mai tumbi rungume da shi, ko sunan Belmiro babu. Tun ranar bai sake zama tebur ɗaya da shi ba."

Sufeto ya sayi kofi, ya gangara da shi a hannu.

Belmiro siririn tsoho ne, ɗakin aikinsa sai warin fata da manna.

"Rabona da shagonsa wata guda," in ji shi. "Makullin ma ya ɓata."

"Ban tambaye ka makulli ba."

Sufeto ya shiga zagaye ɗakin. Ya ajiye kofinsa a kan tarin kwalaye, Belmiro bai tanka ba. Ya mayar kan wasu tsofaffin jaridu, nan ma shiru. Sai ya hangi wani ƙunshin farin yadi a kwance can nesa da taga, ya miƙa hannu zai ɗora kofin.

"Kai! Ɗauke! Fatar shekara ɗari uku ce, kana hauka ne?"

Magana zarar bunu. Belmiro ya zauna daɓas, ya cire tabarau.

"Ba sayarwa zan yi ba, ranka ya daɗe. Hassada ce, ba zan ɓoye ba. Shekara arba'in tana cina. Ni na fi shi aiki, ni na yi jinyar maigida, amma shi aka ba. Ko layi ɗaya ba ya iya karantawa a ciki! Na ce gobe ya tsaya gaban malaman nan hannu rabbana, ya ji abin da nake ji."

"Sakarai."

Custódio ne a bakin ƙofa, yana haki, idonsa ya yi ja.

"Ka san abin da maigida ya ce ranar da ya miƙa mini shi? Ya ce, 'Belmiro na bar masa hannuna. Kai ba ka koyi komai ba, riƙe wannan kada ka mutu da yunwa.' Shekara arba'in ina kallon hannun nan naka kamar in sare shi. Sufeto, na janye ƙarata."

"Ta riga ta shiga ofis," Sufeto ya ce, ba don ransa ya so ba. "Can za ku yi bayani."

Bai saka wa tsohon ankwa ba, ya dai kama masa kafaɗa suka fita. Har suka kai mota Belmiro tafin hannunsa kawai yake kallo, hawaye na ɗiga a kai.