Malamar da Ta Sa Ta Kuka

A ƙofar ofishin Farfesa suka fara haɗa ido. Kwana uku Auta tana zarya da fom ɗin digiri na biyu, sai akawun sashen ya miƙo mata kujera.

"Wa zai rubuta miki wasiƙar shaida?"

"Farfesa mana. Aminin Babana ne."

"Ya taɓa karanta aikinki?"

Ta girgiza kai. Ko sunanta sai an tuna wa Farfesa.

"Ki je wurin malamar da ta duba bincikenki," ya ce a hankali.

"Wadda ta maido min babi ɗaya sau biyar har na yi kuka?"

"Sau biyar ta karanta ke nan."

Maganar ta zauna mata. Ta roƙi malamar, ta amince. Daga nan saƙonni suka ɓarke tsakaninta da akawun. "Daktar gobe, kin ci abinci ko littafi kika ci?" Ita kuma: "Akawuna, rage surutu, karatu nake."

Da Baba ya ji ta bi shawarar akawun, ransa ya ɓaci, don Farfesa ya daɗe yana yi wa ɗansa kamun Auta. "Kishi ne ya sa yaron nan ya raba ki da babban mutum."

Zargin ya shige ta. Ta tura wa akawun saƙo: "Don ni ka ba ni shawarar nan, ko don kanka?"

"Ina sonki, ban ɓoye ba. Amma ranar ban san da wani ɗan Farfesa ba. Gaskiya na faɗa miki, ko da za ta raba mu."

Wata guda ba ta amsa ba, kullum kuwa sai ta sake karantawa.

Ranar da aka ɗauke ta karatun, malamar ta aiko mata kwafin wasiƙar, shafi biyu. Baba ya sa tabarau. Da ya kai inda aka ce sakamakon gwajinta ya lalace, ta sake shi daga farko ba ta ɗora wa kowa laifi ba, sai ya ɗago.

"Ni da na haife ki ban san wannan ba." Ya nisa. "Akawun ya turo magabatansa."

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Ka yafe min, Akawuna."

"Tun ranar na yafe."

Saura mako biyu ta fara karatu aka ɗaura aure. Baba ya dafa kawunansu. "Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku riƙe juna da gaskiya."