Shuɗiyar Atamfar Inna Maijidda

"Tahira... Baba ya ce a dakata da kai lefe."

Burushi ya suɓuce daga hannunta. Uwaisu na tsaye a bakin zaure, ya kasa haɗa ido da ita.

Ita dai Tahira, tun da ta gama karatun zane a Kano ta dawo ƙauyensu kusa da Kunci, sutura take zanawa: atamfa, leshi, ɗaurin ɗankwali, mata sun caɓa ado za su biki. Fuska kam ba ta taɓa sa wa kowa ba, gudun a ce ta yi hoton mai rai. A zatonta, in babu fuska babu kowa. Baiwar Allah ta manta garin da take. Nan ai ko daga bayan gonar dawa aka hango mace, zaninta ke faɗin sunanta.

Ashe shuɗiyar atamfar da ta aro wurin gwaggonta ta zana, ta Inna Maijidda ce, mahaifiyar Uwaisu, tana cikin kayan da aka bayar sadaka bayan rasuwarta. Aina'u, 'yar ƙanin babansa da ta daɗe tana mutuwar sonsa, leƙowa ɗaya ta yi ta gane. Ko zama ba ta yi ba ta kai wa baban Uwaisu, Malam Sama'ilu, har da ƙarin gishiri: wai an zana masa mata, za a kai Abuja maza su sha kallo.

Abin haushin, ba duka ne ƙarya ba. Hoton nan shi wani gidan baje kolin zane a Abuja ya zaɓa, ƙofar farko da ta buɗe mata bayan shekaru tana aikawa ana yi mata shiru.

"Sahibata, ki ce musu kin fasa kawai..."

"Ko na fasa, ai Inna tana nan a jiki, Uwaisu."

Ta roƙe shi ya kawo Malam jibi, ko da sau ɗaya ya gani da idonsa.

Ta yi kuka ya ishe ta, don tana son Uwaisu, tana kuma son hoton. Washegari ta dama fenti. Ta shafe wuyan, ta shafe hannuwan da lallensu, ta shafe ƙafafun. A cikin hoton ta ja igiyar shanya daga katanga zuwa bishiyar darbejiya, ta bar atamfar rataye iska na kaɗa ta. Ta san sarai ba wannan Abuja suka zaɓa ba, suna iya cewa ba sa so.

Ranar da suka sa, bayan la'asar, Malam ya yi sallama, fuska a murtuke, Uwaisu na biye. Tahira ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ya tsaya gaban hoton.

Carbin hannunsa ya daina motsi.

"Wannan kam ki kai musu, 'yata," ya ce. "Tun da ta rasu, abin da nake gani ke nan kullum in na shiga tsakar gidana."

Bai juyo ba ya ce wa Uwaisu ya gaya wa gwaggwanninsa su haɗa akwatuna, ranar Asabar za a kawo.

Uwaisu ya saci kallonta, ita kuwa Malam take kallo. Dattijon bai da niyyar tafiya. Ta tashi a hankali ta ɗauko masa kujera.