Allon Garejin Mehluli

A wani shagon rubuta alluna a birnin Bulawayo Mehluli ya fara ganin Nokuthaba, fenti kore a goshinta. Ya miƙa mata hoton akwalar motar sojan da ya saya a gwanjo.

"Ki zana ta, ki rubuta: WURIN MOTAR MEHLULI KAƊAI."

Ta dubi hoton. "Wannan tana tafiya kuwa, ko kaji ke ƙwai a ciki?"

"Za ta tafi."

"To, Baƙin Mai, dawo jibi."

Ya dawo jibin, ya dawo gata, har masu shagunan layin suka daina tambayar me ya kawo shi.

Sai dai ya tafka kuskure. Don ya burge ta, ya kafa allon a garejinsa alhali janyo motar aka yi da igiya. A ƙungiyar masu tsofaffin motocin soja kuwa, ba a kafa allo sai mota ta shiga gareji da ƙarfin injinta, ba turi, ba ja. Kuma shugaban ƙungiyar Mlotshwa ne, mahaifin yarinyar.

Da kawunnan Mehluli suka je neman aure, tsohon ko maganar shanun sadaki bai bari an fara ba.

"Wanda ya kafa allo a kan gawa maƙaryaci ne. Ga Zenzo nan, jif ɗinsa bugu ɗaya take tashi. Shi ma yana sonta."

Mehluli ya ciro allon da hannunsa. Ya tura wa Nokuthaba saƙo:

"Mai Fentina, na yi wauta. Ki ba ni damina ɗaya."

Amsa ta zo: "Zenzo ya auri jif ɗinsa. Ka ci abinci dai, Baƙin Mai, kar ka riga motar mutuwa."

Ya sauke injin gaba ɗaya. Ya bi bolar ƙarfe har garin Gweru yana neman kayan gyara. Hannuwansa suka tsattsage. Ita kuma kullum sai ta kawo masa tuwon masara da ganye, ta zauna kan taya tana masa tsiya.

Ranar da ya kira ƙungiyar, motar ta taso daga bakin layi tana tari da hayaƙi. Tana dab da ƙofar gareji ta mutu murus.

Abokai suka zabura. "Kai, taku nawa ya rage? Mu ɗan taɓa ta!"

"Wanda ya taɓa ta sai na karya masa hannu," in ji Mehluli.

Zenzo ya ƙyalƙyale. "Nan za ka kwana ke nan, ango?"

"Nan zan shekara ma."

Ya shige ƙarƙashin motar. Rana ta yi zafi, mutane suka fara watsewa. Can ya ga takalma biyu sun tsaya kusa da kansa.

"Bututun mai ne, ɗan nan, ba batir ba," in ji Mlotshwa. "Ba zan taɓa maka ba. Amma ba na so surukina ya tsufa a nan."

Mehluli ya ƙwala kansa da ƙarfe don saurin fitowa.

"Baba, me ka ce?"

"Ka ji ni. Koma ka gama."

Kafin la'asar motar ta shiga garejin da kanta.

Bayan girbi aka yi biki. Nokuthaba ta riƙe hannun nan mai kaushi, kakarta na guɗa tana cewa Allah ya ba su 'ya'ya masu taurin kai irin nasu, ya zaunar da su lafiya.