Tajin Marar Gishiri

"Ita yarinyar ta san wa za ta kai wa?"

Itto tana bayan ƙofar madafa ta ji Dda Addi, tsohon da ke ba da hayar alfadarai, ya yi wa mijinta wannan tambayar. Hammu bai ɗago ba, yana ta zura igiya a takalman gudunsa.

"Dda, kai dai ka ba ta alfadari. Abinci ne kawai."

"Abinci. To, Allah ya sa da bakinka za ka ci."

Hammu zai ratsa duwatsun Atlas da gudu, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Wani ɗan Sifen ya yi a kwana biyar, shi kuwa ya rantse sai ya yi a huɗu. Shekara bakwai yana ɗaukar wa baƙi kaya a hanyar, su ake ɗauka hoto, shi yana gefe riƙe da jaka. Kafin ya tafi ya nuna wa Itto jan ɗigo a waya, ya ce duk inda ɗigon yake, nan yake.

"Rana ta uku, kafin magariba, ki kawo mini tajin, dahuwar kaza ta tukunyar ƙasa, a kan tsauni, wurin tsibin duwatsu. Ke kaɗai. Kada ki sa gishiri ko ƙwaya ɗaya, likita ya hana ni."

Ta ce to. Ta dai ga ƙwayoyin gishiri na masu gudu a jakarsa, fakiti biyu. Kuma ko yaron goye a ƙauyen ya san su waye ake dafa wa abinci ba gishiri: aljanu, waɗanda ba sa shiri da shi. Amma watansu takwas da aure, kunya ba ta bar ta ta tambaya ba.

A rana ta ukun tana girki, hankalinta na kan waya, hannunta ya tafi inda ya saba. Sai da ta rufe tukunya ta tuna ta barbaɗa gishiri. Babu wata kazar. Ta ɗaure tajin a tsumma.

Surukarta, Lalla Rkiya, ta leƙo tana dariya. "Amarya za a je ganin miji! Ki ce masa in ya gama tsere da iska, rufin ɗaki na jiransa."

Hanyar ta yi shiru tun daga bayan gonakin ƙarshe. Sai ƙarar kofato a kan tsakuwa, da ƙamshin lemon tsami da zaitun daga tukunya. Rana ta koma bayan dutse, sanyi ya sauko.

Saura kaɗan a kai, alfadarin ya cije. Ta ja, ta lallaba, ya kafe yana rawar jiki. Ta ɗauki tajin ta ƙarasa a ƙafa.

Ga tsibin duwatsun, wanda kowane matafiyi ke ƙara wa ɗaya in zai wuce. A gindinsa akwai baƙaƙen gashin kaza da busasshen jini.

Ta ciro waya. Jan ɗigon yana can ƙasa, a hanyar kwari, ya riga ya wuce tsaunin da nisa. Bai biyo ta nan ba. Dama ba shi da niyyar biyowa.

Sai ta ji gudu.

Taf. Taf. Taf.

Daga sama yake saukowa, inda babu hanya.

Rigar Hammu ce. Fuskar Hammu ce. Amma wanda ya kwana uku yana gudu ba ya tsayawa babu haki. Babu warin gumi, sai warin jiƙaƙƙiyar toka. Takalman fes, ko ƙura babu.

"Kin zo, Itto," ya ce a hankali. Muryar ta riga leɓen motsi. "Ashe mijinki yana cika alkawari."

"Wane... alkawari?"

"Na ara masa ƙafafuna kwana huɗu. Shi kuma ya ba ni ke."

Ya kama wuyan hannunta. Sanyi ya ratsa ta har haƙori.

"Ni ya zaɓa ya bayar?" ta tambaya.

"Na ce mahaifiyarsa ko ke. Bai daɗe yana tunani ba."

Ya durƙusa, yana riƙe da ita. Da ɗaya hannun ya buɗe tukunya. Tururi ya tashi.

Ya yago tsoka. Ya kai baki.

Ya tauna sau ɗaya.

Ya tsaya.

Ihun da ya yi, kamar dutse ne ya tsage. Fuskar ta zame gefe guda. Yatsun suka saki.

Itto ta zura da gudu.

Tsakuwa na zubowa bayanta. Takalminta ɗaya ya fice, ba ta waiwaya ba. Ta wuce alfadarin, shi ma ya biyo ta. Numfashi mai warin toka na taɓa ƙeyarta, har sai da kiran sallar magariba ya taso daga masallacin ƙauye.

Sannan shiru.

A daidai lokacin, in ji waɗanda ke bin ɗigon, Hammu ya faɗi a fili, inda ko tuntuɓe babu. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Washegari Dda Addi ya kawo shi a kan alfadari, tsohon bai yarda ya haɗa ido da Itto ba.

Tana bakin ƙofa da tiren shayi. Hammu ya gan ta, ya zaro ido.

"Kin... kin dawo?"

Abin da ya fara ce mata ke nan.

Ya warke, amma bai sake gudu ba. Kullum rana ta sunkuya sai ya ce a rufe ƙofa, wai yana jin wani na zagaya gidan a guje. Lalla Rkiya ta ce gajiya ce. Ta kuma tambayi Itto ina takalminta ɗaya, kuma me ya sa ta daina cire munduwa ko da wanka.

Itto ta dubi tsohuwar da ɗanta bai bayar ba. Ta ja munduwar ta rufe shatin yatsun nan huɗu.

"Zamewa na yi, Lalla."

Ba za ta gaya mata ba. Ba za ta gaya wa kowa ba. Da yamma ta ɗebi gishiri a tafin hannu, ta shiga ɗaki, ta zuba siririn layi a ƙasa, a gefen gadon da take kwanciya kawai.