Buhun Da Ke Cikin Bututu

Kwana uku da binne Auta aka zaro buhun daga cikin bututu. Ma'aikacin lafiya ne ya hau tsani a bayan kamfanin ya jawo shi da ƙugiya. Buhun dusar kaji ne, an cika shi da tsumma an ɗaure bakinsa tam. Da ya faɗo ƙasa wani farin gari ya tashi, kowa ya ja da baya, har Sufeto da ba ta cika tsoro ba.

Kamfanin ƙarami ne. Gilashin taga suke fesa wa wani ruwa don kada datti ya kama shi. Mata huɗu ke feshin a ɗaki guda marar taga, kuma hanyar iskarsu ɗaya ce tak: fanka mai zuƙe feshin ta tura shi waje ta bututun nan. A cikinsu Auta ta mutu, biyu suna asibiti da robar iska a hanci. Mijin Auta kuwa, Bakanike, wanda shi ke kula da fankar, yana tsare tun ranar rasuwa, domin Manaja ya nuna shi da yatsa. Jibi za a kai shi kotu. In aka ɗaure shi, 'yarsu mai wata goma ta rasa uwa ta rasa uba a mako guda. Wannan ne ya tsaya wa Sufeto a rai.

Asibiti ta fara zuwa. Likita ya ɗaga mata hoton huhun Auta, fari fat kamar an shafa masa alli.

"Guba aka ba ta?" in ji Sufeto.

"Shaƙa ta yi. A cikin ruwan feshin akwai wani gari da ake ƙerawa, nano ake ce masa. Ki ɗauki silin gashinki ki tsaga shi gida dubu, to wajen girman ƙwayarsa ke nan. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. Yana wucewa can ƙasan huhu inda tari ba ya iya fito da shi, sai ruwa ya taru, huhun ya ƙandare."

"A kwana nawa?"

"Ba kwanaki ba ne. Wata huɗu ko biyar tana shaƙa."

Ta huɗun matan, wadda suke kira Anti, ita ce shugabar ɗakin. Sufeto ta same ta a kan benci a bakin ɗakin jinya, tana numfashi kamar ta hau bene.

"Yaushe kuka ga canji a ɗakin?"

"Wata biyar ke nan. Da, feshi na tashi fanka na kwashewa. Sai muka ga ya fara tsayawa, in kin fito har girarki fari."

"Ba ku yi magana ba?"

"Sau nawa, ranki ya daɗe? Manaja ya zo bakin ƙofa, bai ko shigo ba, ya kama kunnensa ya ce ba ga fanka tana kuka ba? Ya ce kuma ƙofa a rufe, kada ƙura ta ɓata masa gilashi."

Tari ya sarƙe ta. Sufeto ta jira ya lafa, ta miƙa mata ruwa, ta cire ta daga zargi. Babu mai toshe iskar da shi ma ita yake shaƙa.

Manaja mutum ne mai tumbi da turare, irin masu amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba.

"Bakanike ne, hajiya. Kowa ya san suna rigima da matarsa."

"Sufeto, ba hajiya ba. Me ya sa babu abin tace iska a bakin bututun?"

"Ai tana cikin tsarinmu na baɗi."

"An taɓa kawo maka kuka game da abin da bututun ke fitarwa?"

"Ko sau ɗaya."

Ya yi saurin amsawa, ya kuma kau da ido. Sufeto ta rubuta. Ta tsani mutumin, ba ta ɓoye wa kanta ba, amma ta san ba shi ya sa buhun ba. Tun da bututun ya toshe gilashinsa ke fitowa da tabo, kuma wannan tumbin bai taɓa sanin tsani ba.

Bakanike ta tarar zaune a ƙasan sel, ya rame, idanunsa sun yi zuru-zuru.

"Me kuke rigima a kai da marigayiya?"

"Tari. Na ce ta bar aikin, ta ce in ta bari su ukun za a ɗora wa aikinta."

"Kana duba fankar?"

"Duk mako." Ya sunkuyar da kai. "Da kunne. In na ji ƙararta daidai sai in wuce. Ban taɓa zagayawa baya ba."

"An sami buhu a cikin bututun."

Ya ɗago a firgice. "Buhu? Ranki ya daɗe, ni da na san injin nan ciki da bai? Da mugunta nake so, waya ɗaya zan zare, ba mai ganewa. Buhu ai aikin wanda bai san inji ba ne."

Maganar ta zauna wa Sufeto. Da rana tsaka ta koma bayan kamfanin ita kaɗai. Ɗan tsakar gida ne kewaye da katanga, ƙofarsa ɗaya, makullinta a hannun maigadi, wanda ɗakinsa ke ciki. Ɗazu ma ɓalle kwaɗon aka yi, domin yana wajen zaman makoki. Maigadin nan shi ne mahaifin Auta. Ta ga akurki babu kaza ko ɗaya. Ta ga farin tabon gari a jikin bango ƙarƙashin bututun, tsoho, ruwan sama ya wanke rabinsa. A daidai wurin, inda inuwa take, akwai ƙaramar tabarma da igiyar shanya mai kayan jarirai. Ta tsaya tana kallon tabarmar. Da ma ba ta zagayo ba.

Tana tsaye Baba maigadi ya shigo, tsoho siriri, saɓe da jikarsa a kafaɗa.

"Sannu da aiki, 'yata. An saki yaron nan?"

"Tukuna, Baba. Ya ƙarin haƙuri? A nan yarinyar take wuni?"

"In uwarta ta shiga aiki, ni ke riƙe ta. Amaryata ce ai, ba ta yarda da kowa sai ni."

"Ina kajinka?"

"Sun ƙare. Bakwai, ɗaya bayan ɗaya. Farin abin can ne ke zubo musu a ruwa. Sai ga shi a tabarmar amarya, ita ma ta fara tari. Sau biyu ina samun Manaja. Ya yi dariya ya ce, Baba, hoda ce, ko a fuska ka shafa."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai na kashe wutar gabana. Na sa tsani na toshe shi da buhu." Ya faɗa ba ɓoye-ɓoye, har da ɗan alfahari. "Cikin mako biyu tarin ya tsaya cak. Auta da kanta ta ce, Baba, yarinyar nan ta warke."

"Ka taɓa shiga ɗakin feshin?"

"Ni? Maigadi iyakarsa ƙofa."

"Ina kake zaton garin ya koma?"

"Ta wata kafar mana. Manyan injuna ne, ai ba za su rasa..." Ya tsaya. Ya dubi bututun, ya bi shi da ido har inda ya shige bango. Sufeto ta ga lokacin da abin ya iso masa, ta yi maza ta karɓi yarinyar daga hannunsa.

"Babu wata kafa, Baba," ta ce a hankali. "Ita ke nan. An cusa buhun daga waje, tsawon hannu ɗaya, kuma kai kaɗai ke da makullin nan. Buhun na dusa ne, kai ke kiwon kaji. Farin bangon ya daina ƙaruwa wata biyar da suka wuce, daidai lokacin da ya fara taruwa a kansu a ciki. Fankar tana ta juyi, kowa na jin ƙararta, amma iskar komawa take yi."

Tsohon ya zame ya zauna a ƙasa. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Can ya ce, "Ni nake jiƙa mata maganin tari. Kullum da safe."

"Ba kai kaɗai ba ne. Sunan Manaja zai shiga takardata, da abin da ya gaya maka, kuma sai ya amsa. Yarinyar ma a yau likita zai duba ta. Amma ba zan iya sakin ubanta ba sai na rubuta wanda ya sa buhun."

"Rubuta." Ya dafa bango ya miƙe. "Alfarma ɗaya, 'yata. Kada ya ji a bakinki. Ni zan faɗa masa."

Kafin la'asar aka buɗe sel. Bakanike ya fito yana kare ido daga haske, ya hangi surukinsa tsaye a gaban kanta riƙe da yarinyar. Ya zube ƙasa ya kama ƙafarsa.

"Baba, kai ka zo ka fitar da ni? Na san kai kaɗai ba za ka yarda na kashe ta ba. Allah ya saka maka."

Baba ya sunkuya ya ɗora masa 'yar a hannu, ya gyara mata hula.

"Riƙe ta da kyau," ya ce. "Zauna nan, ɗana. Akwai magana."

Sufeto ta shiga ofis ta ja ƙofa. Shekararta goma sha tara tana wannan aiki, kuma ba ta taɓa gano mai laifi ta ji baƙin ciki irin na ranar ba.