Dangin Mai Usur

Ranar da Salmatu ta fara ganin Abdulfatah, faɗa yake yi da motocin babanta. Layi ya tsaya a boda, direbobin Alhaji Maɗugu suka jera manyan motocin gero a filin ƙwallon sakandare, ita kuma ta kawo musu abinci. Sai ga dogon malamin wasanni da usur a wuya, yana zagaya tayoyi yana zufa. Ko sallama bai yi ba ya tambaye ta ko ta san marar tausayin da ke da motocin nan. Ta ce ta san shi sarai, shi ya haife ta.

Ya yi ta ba da haƙuri har ya karɓi lambarta, wai don ya ƙara ba da haƙurin.

Soyayya ta kama, sai dai Allah ya jarabce ta da saurayin da ba ya magana biyu ba ƙwallo a ciki. Ga irin saƙonsa:

"Sanyin idona, na yi kewarki. Yarana sun ci ƙungiyar Farfaru biyu da nema. Kin ci abinci?"

"Malam, ni ce sanyin idon ko mai tsaron ragarka?"

Kullum sai ta rantse ta daina amsa masa, kullum sai ta amsa, don son sa take yi har cikin ranta.

Alhaji ko kusa bai yarda ba. A ganinsa, ƙato da gemu yana tsalle cikin gajeren wando bai da sana'a, ga kuma Kabiru mai tankar mai yana ta aiko manya. Da roƙon Salmatu ya ishe shi, sai ya fito da dabara: namiji ba ya nema wa kansa aure, malamin ya turo magabatansa ranar Juma'a, in ba su zo ba zai saurari mutanen Kabiru. Ya san sarai Abdulfatah maraya ne, aiki ya kawo shi Jibiya, ba wanda ya rage masa sai kaka tsohuwa da ba ta iya hawa mota.

Salmatu ta gaya masa tana kuka. Ya ce Allah na nan, sannan ya ce yara na jiransa a fili. Takaici ya kama ta, ta kashe wayar. Ta ɗauka ya sallama ta ne.

Ashe Ɗantala, tsohon direban Alhaji mutumin Maraɗi, ya ji sharaɗin, ya kai labarin tasha. Juma'a bayan la'asar zaure ya cika har waje: direbobi, 'yan dako, mahauta, har da limamin unguwa. Salmatu ta laɓe bayan ƙofa.

"Mi ya kawo ku?" in ji Alhaji.

"Mu ne dangin Malam," Ɗantala ya ce. "Ɗana jarkokin mai yake ratsa daji da su bisa babur. Da ƙwallo malamin ga ya maido shi lakwal, ga shi yana karatu a aji. Shi ya riƙe mana ɗiyanmu, shi ya sa munka zo mu riƙe mishi aure."

Wani ya ce nasa ɗan ya bar shaye-shaye, wani ya ce nasa har ya shiga kwaleji. Alhaji ya duba fuskokin, duk mutanen da yake sallah sahu ɗaya da su ne, ba wanda zai iya kora. Ya ja tsaki, ya gyara hula, ya ce ya ba malamin 'yarsa. Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Daidai nan wayarta ta yi ƙara:

"Sanyin idona, ki yafe mini. Na nema har na gaji, ban samu kowa ba."

Ta share hawaye, haushi da daɗi duk sun cika ta, ta rubuta:

"Kai dai ba ka san komai ba sai ƙwallo. Danginka sun cika mana gida har tabarma ta ƙare. An ba ka."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure, Ɗantala ne waliyyin ango. Alhaji ya riƙe hannun Abdulfatah ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Na zaci ba ka da kowa, ashe ka fi ni dangi. Allah ya yi muku albarka."